Kuncin Hagu na Libarbar Mir Aslam

A kasuwar Darra, garin maƙeran bindiga da ke kusa da birnin Peshawar, duk bayan 'yan mintoci sai wani maƙeri ya fito bakin shagonsa ya ɗaga bindiga sama ya gwada ta, kuma ba mai ko ɗago kai daga kofin shayinsa. A can ƙarshen lungun masu sassaƙa ƙotar bindiga akwai wani ɗan shago da ba a taɓa jin harbi daga cikinsa ba, sai dai tari. Shagon Ustaz Zarwali ke nan, don a nan gwanin sana'a ake kira Ustaz. Shi bai iya huda bakin bindiga ba, bai kuma taɓa sha'awar koya ba. Aikinsa ɗaya ne tun yana saurayi: kumatun libarba, wato 'yan fallayen nan biyu da ake ɗaurawa dama da hagu a mariƙinta. Da sadaf yake yin su, ɓawon kawar teku mai ƙyallin lu'ulu'u, wanda fatake ke kawowa daga Karachi a buhu.

A faɗi gaskiya, sadaf ba shi da wani amfani ranar faɗa. Hannu na yin gumi yake sulɓewa, in kuwa ya faɗi a kan dutse ya tashi aiki. Mai niyyar harbin mutum katako yake sawa. Amma je ka zauren baƙi ranar ɗaurin aure ka ga dattijo ya ɗan jaye falmaransa gefe, wai zafi yake ji, alhali so yake a hango farin abin nan a ƙugunsa. Tsohuwar libarbar zamanin Turawa, wadda baƙinta ya koɗe ya koma toka-toka, da an ɗaura mata sadaf sai ta zama kamar tsohuwar da ta sha lalle ranar Sallah. Mutum zai juya ta a rana, kore ya gudu, ja-ja ya biyo shi, ya manta cewa abin kisa ne a hannunsa. Zarwali ya rayu a kan wannan rauni na maza, kuma shi ma bai tsira daga gare shi ba.

Mahaifinsa, Ustaz Mir Aslam, shi ya koya masa ƙa'idar aikin. Kawa ɓawo biyu gare ta, sun girma tare a ruwa ɗaya, don haka kuncin dama daga ɗaya ake yanka shi, na hagu daga ɗan'uwansa. In ka haɗa na kawa daban-daban, jahili ba zai gane ba, amma hasken ba zai gudu tare ba. Tsohon yana da tasa libarbar mai cin harsashi shida, da kumatun da ya yanka da hannunsa daga wata ƙatuwar kawa da bai sake samun irinta ba. Ya mutu ya bar 'ya'ya uku: Zarwali babba, sai Siyal direban babbar mota, sai autarsu Taj Bibi da ke aure a unguwar bayan masallaci.

Gida da gona da shago duk a zama ɗaya dattawa suka raba su, ba wanda ya ɗaga murya. Libarbar nan kuwa sai da aka yi zama uku. A na ukun Siyal ya ce ranar da ya kai mahaifinsu asibiti a Peshawar, a cikin mota tsohon ya ce masa ita tasa ce.

"Wa ya ji?" in ji Zarwali.

"Ni da shi ne, Lala, sai Allah." Lala shi ne yadda ƙanne ke kiran wansu a nan.

"Kai da ba ka san bambancin sadaf da fasasshen tangaran ba? Kafin ka kai Kohat ka sayar da ita ka zuba wa mota mai. Ƙarya kake yi wa mamaci."

Siyal ya dubi wansa, ya ce a hankali, "A gaban mutane, Lala?"

"A gaban mutane."

Malik Sher Afzal, wanda ke jagorantar zaman, ƙafafunsa sun riga sun yi tsami, haƙurinsa ma ya ƙare. Ya ce a miƙo masa sukurudireba. Ya kwance sukurun da ke riƙe da kumatun, ya ba Zarwali na dama, ya ba Siyal na hagu, ya naɗe tsiraicin ƙarfen a mayafi ya ce a kai wa Taj Bibi cikin gida. "A gaya mata, ranar da yayyenta suka shigo ƙofarta tare, ta ba su abinsu." Kowa ya yaba hikimar, kowa kuma ya ɗauka abin ba zai wuce Sallah mai zuwa ba. A makon nan Siyal ya sayar da rabonsa na gida ya kwashe iyalinsa zuwa Karachi.

Wani da ba mai sana'ar ba, in aka raba masa abu biyu haka, ya san dole wata rana ya nemi mai ɗaya rabin. Zarwali kuwa da ya koma shago ya kwance auduga ya dubi kuncin daman, sai ya yi murmushi. Kuncin hagu ne kawai ya rage? Shi da yake yin su tun kafin gemu ya fito masa? Ya sha alwashin zai yanka wani wanda ko tsohon ya dawo duniya ba zai bambance ba. A nan ya ɓata, kuma gwanintarsa ce ta ɓatar da shi.

Duk mai aikin sadaf ya san a cikin ruwa ake goga shi, saboda garinsa in ya shiga ƙirji ba ya fita. Aikin mutane haka Zarwali yake yinsa, hannu cikin kwano, magagari na ci a jiƙe. Matsalar ita ce jiƙaƙƙen sadaf duk kyau gare shi, duk iri ɗaya ne. Sai ya bushe launinsa na gaskiya yake fitowa. Mai neman daidaita haske da haske dole ya goga a bushe, ya hura garin da baki, ya duba, ya sake gogawa. Haka yake yi kullum bayan la'asar, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofar shagon a karkace, har gemunsa da girarsa su yi fari fat kamar mai aikin injin niƙa.

Maƙwabcinsa Niyaz Bat, mai sassaƙa ƙotar katako, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Yakan leƙo da butar koren shayi ya tsaya yana kallo.

"Ustaz, yau ma hagu? Wai bindigar masu hannu ɗaya kake wa tanadi?"

"Je ka ji da itacenka, kafinta."

"Ni dai itacena bai taɓa sa ni tari ba. Wallahi kuɗin motar Karachi bai kai na buhun kawa ɗaya ba. Ka je ka ce masa bakinka ne ya suɓuce, shi ke nan."

"Ni zan je? Ni ne babba."

"To babba, sha shayi kafin ka shiɗe mana a nan."

A shekara ta bakwai ya samu wanda ya gamsar da shi. Ya ɗora su gefe da gefe, ya juya a rana, kore ya gudu tare, ja-jan ma ya biyo tare. Har Niyaz ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Zarwali ya sa sabuwar riga ya nufi gidan Taj Bibi da hantsi. Ya same ta a tsakar gida tana manna gurasa a tanderu. Ya shimfiɗa hankici a kan gadon igiya, ya jera kumatun biyu, ya ja da baya yana jira.

Ta goge hannu a gefen mayafi, ta dube su, sannan ta dubi ƙofa.

"Ina Siyal?"

"Ga na dama, ga na hagu. Ɗauko min ƙarfen."

"Lala, ni ba a ce min in ga ɓawo biyu ba. Mutum biyu aka ce. Kai kaɗai na ga ka shigo."

"Ke duba aikin nan da kyau. Ko Baba..."

"Aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Ka ci gurasa ko ka tafi da ita?"

Ya tattara kayansa ya fita ko sallama babu. Mai hankali da daga ranar ya daina, tunda an gaya masa a fili cewa ba sadaf ake jira ba. Shi kuwa da ya isa shago ya sake duban kuncin, sai ya ga ai ja-jan ya ɗan fi na tsohon duhu ta wajen gindi, ya ce lallai abin da ta gani ke nan. Ya jefa shi cikin aljihun tebur ya ɗauko wani ɓawon. Ya fi masa sauƙi ya yarda aikinsa ne bai kai ba, da ya yarda bakinsa ne ya yi ɓarna.

Siyal yakan zo Darra jefi-jefi, in an yi rasuwa ko biki a dangi. Sai su zauna a zaure ɗaya, wannan a wancan ƙarshen, wancan a wannan, kowa na gaisawa da kowa ban da su biyun. Zarwali yakan saci kallonsa ya ga furfura ta fara cin gemun ƙanensa, ya ga ya yi ƙiba, ya ga hannunsa ɗaya kullum cikin aljihun falmaran. Ransa yakan yi masa zafi, ya ji kamar ya tashi ya je. Sai ya tuna idon mutane, ya gyara zama.

A shekara ta goma sha biyar wani direba ya sauke buhu a ƙofar shagon. Kawa ce manya-manya masu kauri, irin da ba ta zuwa kasuwa, an zaɓo su ɗaya bayan ɗaya a bakin teku. Direban ya ce Siyal ne ya ce a kawo, bai ba da wani saƙo ba.

"Ka gani?" Zarwali ya ce wa Niyaz. "Labari ya kai masa. Dariya yake min. Wai in ci gaba da gwadawa."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mutum ya bi rana ya tsinto maka kawa, ya biya mota tun daga Karachi, don ya yi maka dariya? Gaishe ka yake yi, Ustaz. Bai iya magana ba ne, irinka."

Zarwali bai mayar da buhun ba, bai kuma aika godiya ba. Ya yanka kawar duka, rabi ya yi wa mutane aiki, rabi ya ƙara wa aljihun tebur. Kumatun hagu suka taru a ciki har ya daina rufuwa da kyau.

Tarin ya fara ne kamar na mura, daga baya ya zama abin da ake gane lungun da shi. Ya kai ga in ya taka daga shago zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. A shekara ta ashirin da biyu Niyaz ya sa shi a mota da ƙarfin tsiya zuwa Peshawar. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin a jikin fitila, huhun duk fari-fari kamar an watsa gari a baƙin tire. Ya tambayi sana'arsa, da ya ji sai ya ajiye hoton ya ce ya bar aikin yau, ba gobe ba, kuma in yana da wata tafiya da yake son yi, kada ya jinkirta ta.

A hanyar dawowa, wajen da motoci ke rage gudu kafin shiga kwazazzabon Darra, Zarwali ya ce, "Zan je Karachi."

"Alhamdu lillahi. Yaushe?"

"Bari sanyin nan ya wuce."

Sanyi ya wuce, ya ce bari a sha ruwa, tafiya da azumi wahala ce. Aka yi Sallah, ya ce bari numfashin ya ɗan daidaita, kada ya isa gidan ƙanensa yana haki kamar mai neman a tausaya masa. Ya sayi hular Chitral mai laushi zai kai tsaraba, ya naɗe kuncin daman a sabuwar auduga, ya haɗa su a jaka ya rataye a ƙusa. Ba sanyi ne ya hana shi ba, ba kuma azumi ba. Tsoro yake ji. Yana tsoron ya tsaya a ƙofar Siyal ya ce ya yi kuskure, Siyal ya dube shi ya tambaye shi me ya hana shi faɗin haka shekara ashirin da biyu, shi kuwa ba shi da amsa.

Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Rahmat Gul ne, babban ɗan Siyal, wanda shi ma yanzu direba ne mai iyali. Ya ce mahaifinsu yana zaune a tashar manyan motoci yana shan shayi, sai ya dafe ƙirji ya kife. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Suna hanya da gawar, gida za a binne shi kusa da kakansu.

Tunda Siyal ba shi da gida a Darra, gidan Taj Bibi aka nufa da shi don mata su yi masa ganin ƙarshe. Motar ba ta iya shiga lungun, sai aka ɗora shi a gadon igiya. Zarwali ya ture wani matashi ya kama ƙafar gadon ta gaba. Mutane suka ce Ustaz ka bari, ƙirjinka. Ya yi kunnen uwar shegu da su. Taku arba'in ne ko hamsin, amma kafin su kai idonsa ya fara ganin duhu. Ya sunkuyar da kai ya shiga ƙofar da gadon a kafaɗarsa, kukan mata ya tashi. Ta cikin hayaniyar ya hango Taj Bibi tsaye a bakin tanderu, ba ta kuka, shi take kallo.

Ranar sadakar uku ta aika a kira shi. Rahmat Gul na zaune a gefe. Ta ɗauko wani ƙunshi daga ƙasan akwatin aurenta ta ajiye a gabansa. Mayafin nan ne na Malik Sher Afzal, wanda shi ma ya daɗe a ƙasa. Ƙarfen na ciki ko ɗigon tsatsa babu, duk shekara tana shafa masa mai.

"Kun shigo ƙofata tare," ta ce. "Ga abinku."

Zarwali ya dubi ƙarfen. Rahmat Gul ya sa hannu a aljihu ya miƙo masa wani abu.

"Wannan a falmaran ɗin Baba muka same shi. Kullum yana jikinsa. In an tsaya a cunkoso ko ana jiran lodi, sai ya fito da shi yana murzawa da babban yatsa. Muna yara mun ɗauka laya ce. Wata rana Inna ta jiƙa rigar da shi a ciki, ranar gidan kamar zai kama da wuta."

Zarwali ya karɓa. Sai da ya juya shi sau biyu kafin ya gane kuncin hagun mahaifinsa ne. Gumi ya cinye ƙyallin, ya koma rawaya-rawaya kamar tsohon haƙori. Makullai da sulalla sun kakkarce bayansa, gefunan sun zagaye, a tsakiya kuma akwai ɗan kwari daidai faɗin yatsa.

"Ya taɓa cewa wani abu a kaina?"

Rahmat Gul ya ce, "Yakan ce a duk Darra ba mai hannun Lala, har ya fi kakanmu. Sai ya ce kada mu kuskura mu gaya maka, kanka zai ƙara girma."

Taj Bibi ta yi wata 'yar dariya, daga nan kukan da ta riƙe kwana uku ya ƙwace mata.

Washegari bayan la'asar ya buɗe shago, ba don aiki ba. Ya kwance audugar, kuncin daman ya fito fes kamar jiya aka yanka shi, kore da ja-ja suna wasa a rana. Ya ɗora shi a ƙarfen ya zauna daram. Ya ɗora na hagun, bai kai bakin ƙarfen ba ta ko'ina, yana girgiɗi, kuma ya yi sirantar da in aka ɗaure sukuru zai tsage. Kawa ɗaya ce ta haife su, amma yanzu ko makaho ya shafa ya san ba su dace ba. Ya jawo aljihun tebur. Duk wanda ya ɗauka a cikin tarin nan, har na shekarar farko da ya raina, ya fi na gaskiyan dacewa da na daman.

Niyaz ya shigo da butar shayi, ya tsaya yana kallo, yau ba tsokana a bakinsa.

"Sa ɗaya daga cikin naka mana, Ustaz. Ko kuwa ka rage na daman da magagari, ka dusashe shi da ruwan tsami, su zo ɗaya. Aikin awa guda ne a wurinka."

Zarwali ya sa babban yatsansa a cikin kwarin nan. Ya yi masa faɗi kaɗan, Siyal ya fi shi manyan hannuwa.

"Ba magagari ne ya ci wannan ba," ya ce.

Ya naɗe ƙarfen da kuncin hagun a mayafi, ya tura aljihun tebur da gwiwa har ya rufu. Audugar kuwa ya jefa ta cikin kwandon shara, ya sa kuncin daman tsirara a aljihun falmaransa.

Tun daga ranar bai sake taɓa zarto ba. Yakan zo shagon duk da haka, ya zauna a bakin ƙofa inda rana ke sauka, ana ta gwajin bindigogi a kan titi. Masu kawo tsofaffin libarba yakan tura su wurin wani a lungun gaba. Hannunsa na dama kullum yana cikin aljihu, yatsan na kai da komo. Jiya Niyaz ya ce ya nuna masa, ya fito da shi, suka duba tare a rana. Wata biyar ke nan yana murzawa, ƙyallin ko gezau bai yi ba. Tari ya turnuƙe shi har sai da ya dafa ƙofa, da ya lafa ya share baki, ya mayar da abin aljihu ya ci gaba.